Jinƙai ko Hadaya? Amsa kan Gicciye da Ceto

Tambaya: Baba, ni ɗan ƙasar Zuru ne, ina koyarwa a wata sakandare a Birnin Kebbi. Ina da abokin aiki Musulmi, mutumin kirki, ya kuma karanta Littafi Mai Tsarki fiye da wasunmu. Ya ce koyarwarmu kan ceto tana cin karo da kanta. Allah ya ce jinƙai yake so ba hadaya ba, mu kuma mun ce sai da jinin Yesu. Ezekiyel ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, mu kuma mun ce marar laifi ya mutu domin masu laifi. Bulus ya ce ta bangaskiya ake samun ceto, Yakubu ya ce ta ayyuka. Na rasa ta cewa. Yaya abin yake?

Amsa: Ɗana, sannu da aiki. Abokin naka ya yi karatu, domin waɗannan ba tambayoyin neman faɗa ba ne. Malaman ikilisiya sun daɗe suna kokawa da su tun kafin bishara ta iso ƙasarmu. Sai dai ukun ba nauyinsu ɗaya ba. Biyu daga ciki, in ka karanta abin da ke gaban ayoyin da abin da ke bayansu, za su warware. Ta Ezekiyel ce mai ƙashi, a kanta kuma zan daɗe.

Bari in fara da Bulus da Yakubu. Romawa 3:28 ta ce ana barata mutum ta wurin bangaskiya, ba da ayyukan Shari'a ba. Yakubu 2:24 ta ce ta wurin ayyuka ne, ba bangaskiya kaɗai ba. In ka jera su haka, sai ka ce ɗaya yana ƙaryata ɗaya. Martin Luta, jagoran farko na Furotesta, shi kansa abin ya dame shi, har a 1522 ya rubuta cewa wasiƙar Yakubu busasshiyar ciyawa ce in an gwada ta da na Bulus, ko da yake bai cire ta daga cikin Littafi ba.

Amma duba, su biyun aya guda suka kafa hujja da ita, Farawa 15:6, inda Ibrahim ya gaskata Allah aka lissafta masa adalci. Bulus yana jayayya ne da masu cewa wanda ba Bayahude ba sai an yi masa kaciya ya kiyaye Shari'ar Musa kafin Allah ya karɓe shi. Sai ya ce musu an karɓi Ibrahim tun a sura ta 15, kaciya kuwa sai a sura ta 17 ta zo. Yakubu kuma da wasu mutane dabam yake magana, masu cewa suna da bangaskiya, amma in ɗan'uwa ya zo musu da yunwa da tsumma sai su ce masa ya sauka lafiya, ba su ba shi komai ba. Shi ne ya ce musu ai aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Ya tafi sura ta 22 ya nuna cewa bangaskiyar Ibrahim ta fito fili ranar da ya ɗauki ɗansa zuwa dutse. Bulus da kansa a Galatiyawa 5:6 ya ce abin da ke da amfani shi ne bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna. A Afisawa sura ta 2, bayan ya ce ceto kyauta ne ba ladan aiki ba, a aya ta 10 sai ya ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Katolika da Furotesta sun yi ɗaruruwan shekaru suna ja-in-ja kan yadda za a tsara wannan magana, tun kafin dokar da babban taron Katolika na Taranti ya fitar a 1547. A ranar 31 ga Oktoba 1999 wakilan Katolika da na Lutaran, wato mabiya Luta, suka sa hannu kan takarda guda a birnin Augsburg na Jamus, cewa da alheri kaɗai ake karɓar mutum, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ke kiransa ga ayyuka nagari. Akwai sauran bambanci tsakaninsu, amma ba a kan ko Bulus da Yakubu abokan gaba ne ba.

Sai maganar jinƙai da hadaya. Ayar tana Yusha'u 6:6, Yesu kuma ya kawo ta sau biyu, a Matiyu 9:13 da 12:7. Ba ita kaɗai ba ce. Sama'ila ya gaya wa sarki Saul biyayya ta fi hadaya. Ishaya a sura ta farko ya ce Allah ya ƙoshi da ragunan ƙonawa. Mika 6:8 ta ce abin da ake nema shi ne adalci da jinƙai da tawali'u. Annabawan nan suna tsawata wa mutanen da ke yanka a Haikali da safe su kuma danne gwauruwa da maraya da yamma. Ba soke hadaya suke yi ba. Zabura 51, inda Dawuda ya ce karyayyar zuciya ita ce hadayar da Allah ba ya rainawa, a ayarta ta ƙarshe ta koma ga bijimai a kan bagade. Abokinka ya san irin wannan magana daga gida: Suratul Hajji aya ta 37 ta ce naman dabbar da jininta ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa gare shi. Ban taɓa jin Musulmin da ya ce saboda wannan aya a daina layya ba.

Amma akwai abin da ke ƙarƙashin tambayar, kuma a nan laifin namu ne, masu wa'azi. Da yawa a cikinmu, in an ce hadaya, abin da muke gani a zuci shi ne na kakanninmu: ruwa ya ɗauke ko annoba ta shigo, a kai kaza ko akuya gindin tsafi a yanka domin a kwantar da fushin wanda ke fushi. Mutum ne ke bayarwa, abin bauta yana karɓa. Littafin Firistoci 17:11 ya juya wannan. Allah ne ke magana a wurin, ya ce rai yana cikin jini, kuma shi ne ya ba su shi a kan bagade domin kafara. Hanyar dawowa daga wurinsa ta fito. Haka kuma dokar ba ta da tsaurin da ake ba ta a kan mumbari. Firistoci 5:11 ta ce matalaucin da ba shi da halin ko kurciyoyi biyu ya kawo gari, a gafarta masa. Ibraniyawa 9:22, wadda ake yawan jawowa, ta fara ne da cewa kusan kome da jini ake tsarkake shi bisa ga Shari'a. Ƙidaya 15:30 ta ce mai zunubin ganganci da taurin kai ba shi da hadaya sam. Mutanen Nineba sun tuba aka yafe musu, ba a yanka ko tsuntsu ba. Yesu ya ce wa shanyayye an gafarta masa zunubansa tun gicciye yana nesa. Ibraniyawa 10:4 kuma ta faɗa ba kwana-kwana cewa jinin bijimai da awaki ba ya kawar da zunubi.

Saboda haka ban yarda da wa'azin da ke cewa hannun Allah a ɗaure yake, ba zai iya yafewa ba sai ya ga jini. Ba haka manyan malamai suka koyar ba. Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka wanda ya rasu a shekara ta 430, da Toma Akwinas wanda ya rasu a 1274, dukansu sun ce Allah ba ya rasa wata hanya, sai dai wannan ce ta fi dacewa da cutar da ke damunmu.

To, me ya sa gicciye? Ka ɗauka manomin shinkafa a fadamar Argungu ya ara wa maƙwabcinsa injin ban ruwa a tsakiyar noman rani, maƙwabcin ya bar shi yana aiki ba mai har ya ƙone. Mai injin yana iya kai shi gaban hakimi ya biya. Yana kuma iya cewa na yafe. Amma in ya ce na yafe, injin bai tashi ba. Ko dai ya sayi wani daga aljihunsa, ko shinkafarsa ta bushe. Asarar ba ta ɓace ba, ta koma kan wanda ya yafe. Abin da Kirista ke faɗa game da gicciye ke nan: a can ake ganin abin da yafewa ta ci wa Allah. Jinƙan ne ya zama hadaya. Bulus a Romawa 3:25-26 ya ce Allah ya daɗe yana haƙuri da zunuban da suka gabata, a gicciye kuma ya nuna cewa haƙurin nan ba raina mugunta ba ne.

Yanzu ga mai ƙashin. Ezekiyel 18:20 ta ce wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba ba zai ɗauki na ɗa ba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce a duba yanayin. Yahudawa suna bauta a Babila, suna ta maimaita karin maganar nan cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Wato suna cewa laifin kakanninsu ne ya cinye su, tuba ba ta da amfani. Annabin ya ce musu a'a, kowa ya juyo zai rayu, Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu. Wannan gaskiya ne, amma kada ka tsaya a nan, domin abokinka zai ƙaro maka wasu. Maimaitawar Shari'a 24:16 ta hana a kashe uba saboda ɗa ko ɗa saboda uba. Karin Magana 17:15 ta ce wanda ya wanke mai laifi da wanda ya hukunta marar laifi, duka biyu abin ƙyama ne ga Ubangiji. Bayan ɗan maraƙin zinariya Musa ya ce a shafe sunansa a madadin jama'a, Allah ya ce wanda ya yi mini zunubi shi zan shafe. Irmiya 7:31 kuma ta ce ƙona 'ya'ya hadaya abu ne da bai taɓa shiga zuciyar Allah ba. Ɗan Ibrahim ma rago aka ba da a madadinsa, ko da wane suna ka kira ɗan, Ishaku bisa ga Farawa ko Isma'ila bisa ga yawancin malaman Musulunci. Alƙur'ani kuma ya maimaita a wurare da dama, kamar Suratul An'am aya ta 164, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani.

Ba Musulmi kaɗai ne suka kawo wannan hujja a tsare ba. Wani ɗan Italiya, Fausto Sozzini, ya rubuta ta a 1578, aka buga a 1594, har yau kuma ba a sami wanda ya fi shi kaifafa ta ba. Ya ce bashin kuɗi wani yana iya biya wa wani, amma hukuncin laifi ba ya tashi daga kan mai shi. Ya ƙara da cewa in an biya to ba yafewa aka yi ba, in kuwa an yafe to biyan me ake nema? Mu a nan mun san wannan bambanci daga fiƙihu. A kisan kuskure, dangin wanda ya yi kisan ne ke haɗa diyya, babu mai cewa an yi zalunci. Amma ƙisasi ba a yi wa ƙane a madadin wa, ko da ƙanen ya roƙa. Ka ga ke nan misalin injin ban ruwa yana da iyaka. Ya amsa maganar asara, bai amsa maganar hukunci ba.

Akwai abin da ya kamata ka sani kafin in ba ka amsata. Ikilisiya ba ta taɓa zama a babban taro ta yanke cewa ga yadda gicciye ke aiki ba. Taron Nikiya na shekara ta 325 da na Kalsidon na 451 sun yi magana kan ko wane ne Yesu. Game da mutuwarsa, shaidar bangaskiya ta ce domin mu da cetonmu ne, ta yi shiru. Sabon Alkawari yana kawo maganar ta fuskoki da yawa: ta kotu, ta fansar bawa, ta Haikali, ta yaƙi da nasara a kan mutuwa, ta sulhu tsakanin masu gaba. Duk malamin da ya kama fuska ɗaya ya ja ta har ƙarshe, ya faɗa rami. Yesu ya ce ya zo ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa, sai Orijin na Iskandariya ya tambaya, wa aka biya? Ya ce Shaiɗan. Giragori na Naziyanzus a ƙarni na huɗu ya ce wannan abin kunya ne, ɗan fashi ya karɓi Allah a matsayin lada. Ya kuma ƙi yarda cewa Uba ne ya nemi jinin, tun da shi ne ya hana Ibrahim yanka ɗansa. Wajen shekara ta 1098 Anselam na Kantabari ya ce zunubi tauye darajar Allah ne, mutum ne ya kamata ya biya, Allah kaɗai ke da halin biya, shi ya sa mai ceto ya zama Allah kuma mutum. Bita Abelad, wanda ya zo bayansa kaɗan, ya ce mugunta ce a nemi jinin marar laifi, gicciye ƙauna ce da ke kunna ƙauna a zuciyar mai kallo. A ƙarni na sha shida Yohanna Kalbin ya ƙarfafa harshen kotu, cewa Almasihu ya ɗauki hukuncin da ke kanmu. Wannan na ƙarshe shi mishan suka fi kawo mana, shi ya cika waƙoƙinmu da wa'azinmu, har wasu suna zaton shi kaɗai ne.

Ga inda na tsaya. Hujjar abokinka tana da ƙarfi muddin akwai mutum uku a cikin labarin: Allah mai fushi, mu masu laifi, da wani bawan Allah na gefe da aka kamo aka ɗora masa. In haka ne zalunci ne, Ezekiyel kuma ya la'ance shi. Amma Sabon Alkawari bai ba da labarin haka ba. 2 Korintiyawa 5:19 ta ce Allah yana cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa. Romawa 5:8 ta ce Allah ne ke nuna ƙaunarsa a mutuwar Almasihu, ba gicciye ne ya sa ya fara ƙaunarmu ba. A Yahaya 10:18 Yesu ya ce ba mai ƙwace ransa, shi ne ke ba da shi. Wanda aka yi wa laifin shi ne ya shigo ya ɗauka. Hadayar mutum da Irmiya ya tsine wa ita ce uba ya ƙona ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba domin ya sayi tagomashin gunki. Waɗanda suka kashe Yesu kuwa ba ibada suke yi ba. Sojojin Roma ne ke zartar da hukunci, Bitrus kuma a Ayyukan Manzanni 2:23 ya kira abin da sunansa, kisa ta hannun mugaye.

Wannan rabin amsar ne. Ɗaya rabin shi ne Yesu ba baƙo ba ne a gefenmu ma. Ibraniyawa 2:14-17 ta ce ya ɗauki nama da jini irin namu, ya zama kamar 'yan'uwansa ta kowace hanya. Bulus kuma bai ce ya mutu domin mu zauna a gefe mu yi kallo ba. A 2 Korintiyawa 5:14 ya ce ɗaya ya mutu domin duka, saboda haka duka sun mutu. A Romawa sura ta 6 ya ce a baftisma an binne mu tare da shi. A Galatiyawa 2:20 ya ce an gicciye shi tare da Almasihu. Ka lura da abin da wannan ke yi wa ayar Ezekiyel. Mai zunubin bai tsere ba. Tsohon mutumin ya mutu, sai dai ya mutu ne a cikin wanda kabari bai iya riƙewa ba, shi ya sa Bulus ya ce in Almasihu bai tashi ba har yanzu muna cikin zunubanmu. Wanda ya ƙi tuba kuwa, gicciye bai ɗauke masa komai ba, daidai da abin da Ezekiyel ya faɗa. Shi Ezekiyel ɗin ma, a sura ta 4, an umarce shi ya kwanta a gefensa na hagu kwana 390 yana ɗauke da laifin gidan Isra'ila, a sura ta 36 kuma ya ce Allah ne zai yayyafa ruwa mai tsabta ya ba da sabuwar zuciya. Ishaya 53, inda bawan Ubangiji ya sha rauni saboda laifofin wasu, tana cikin Littafi guda da Ezekiyel 18. Yahudawan da suka adana su biyun ba su ga dalilin jefar da ɗaya ba, ko da yake malamansu da yawa suna fassara bawan da al'ummar Isra'ila.

Shin wannan ya rufe bakin Sozzini? In gicciye canjin fursuna ne kawai a gaban alƙali, a'a, bai rufe ba, kuma fastocin da ke wa'azinsa haka suna ba abokinka makami. In kuwa aka riƙe harshen kotu tare da waɗancan biyun, cewa alƙalin shi ne mai ɗauka, kuma waɗanda aka ɗaukar wa an haɗa su da shi, to abin da Ezekiyel ya hana ba shi ne ya faru ba. Abokinka zai iya kawo maka addu'ar Getsamani, inda Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala. Addu'ar ta ƙare da ba nufina ba sai naka, mutum na gaske kuma dole ya ji tsoron gicciye. Kukan nan da ya yi a kan gicciye, na Allahna don me ka yashe ni, farkon Zabura 22 ne, wadda ta ƙare da yabo.

Amma ka ga inda duk amsar ta jingina. Ta jingina ga cewa Yesu Kalman Allah ne da ya zama mutum. Cire wannan, ka bar shi annabi kawai, to abokinka ya yi gaskiya, mutum na uku ya dawo cikin labarin. Shi bai yarda da wannan tushe ba, Suratun Nisa'i aya ta 157 kuma ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Don haka in kun sake zama, ka raba masa abu biyu. Cewa koyarwar tana cin karo da kanta, wannan kana da amsarsa daga cikin Littafi. Cewa tushenta ba gaskiya ba ne, wannan wata muhawara ce, rabinta ta bangaskiya, rabinta ta tarihi. A ɓangaren tarihi za ku duba Linjila huɗu, da 1 Korintiyawa 15 wadda Bulus ya rubuta kimanin shekara 25 bayan abin ya faru, da Tasitus, marubucin Roma wanda ba Kirista ba ne kuma ba ya ƙaunar Kirista, da ya rubuta a farkon ƙarni na biyu cewa Fontiyus Bilatus ya kashe Almasihu a zamanin sarki Tibariyas. In ya yarda ku shiga wannan, ka sake rubuto mini.